Jaruman Zamanin Kaset: Shaidar Waɗanda Suka So Su Tun Suna Yara

Duk wanda ya yi wayo tsakanin 1980 da ƙarshen shekarun 1990 yana da wani jarumin fim da ya taɓa kwana da shi a rai. Yarinya 'yar shekara goma takan yanke hotonsa daga kwalin kaset, ta ɓoye a tsakiyar littafin makaranta, ta gaya wa ƙawarta cewa in ta girma irin wannan za ta aura. Yaro shi ba zai furta ba, sai dai ka ga ya ɗaure goshi da ƙyalle, ya sauya tafiya, ya rage magana saboda gwaninsa ba mai surutu ba ne. Duka biyun so ne, irin na ƙuruciya mai tsabta, wanda ba ya neman komai a wurin wanda ake so. A madadin mu 'yan wancan zamani nake ba da wannan shaida.

Yau idan aka kunna wa matashi ɗaya daga cikin finafinan nan, abin da zai fara gani shi ne bindigar da harsashinta ba ya ƙarewa, da bakin da ke motsi bayan magana ta ƙare, da mutum ashirin da suka kewaye jarumi amma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk haka ne, kuma an ce so hana ganin laifi. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan laifuffuka yana da dalilinsa a aikace, kuma a ƙarƙashinsu akwai abin da idon yaro ya gani daidai: mutane ne na gaske da suka horar da jikinsu shekara da shekaru, suna yin abin da kyamara ta ɗauka da ƙashinsu da tsokarsu.

Bruce Lee ne farkon wanda ya kamata a ambata. An haife shi a San Francisco a 1940, ya tashi a Hong Kong, ya rasu a can ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32. Ke nan mafi yawanmu da muka so shi ta kaset mun so mutumin da ya riga ya bar duniya, wasunmu ma tun kafin a haife mu. Finafinan faɗa huɗu kacal ya kammala a matsayin babban jarumi. Na biyar bai ƙarasa ba, aka fitar da shi a 1978, aka cike giɓin da wasu mutane masu kama da shi, ana sa musu baƙin tabarau ko a ɗauke su ta baya. Akwai ma wurin da aka manna hoton fuskarsa a jikin madubi don ya rufe fuskar mai kwaikwayon. Abin da ke cikin fim ɗin na ainihin faɗan da ya ɗauka dominsa bai wuce kimanin minti 11 ba. Bayan haka kasuwa ta cika da masu aron sunansa, su Bruce Li da Bruce Le, shi ya sa gardamar yara ta "wannan na gasken ne ko jabu" ba ta ƙarewa. Mai ido yana bambancewa: na gasken ba ya ɓarnar motsi, yakan tsaya cak yana karantar abokin faɗa, sannan ya kai hari ɗaya ko biyu a gama. Masu kwaikwayo sun ɗauki ihun da shafar hanci, amma wannan nutsuwar ta gagare su.

Jackie Chan, wanda aka haifa a 1954, hanyarsa daban. Tun yana ɗan shekara bakwai aka sa shi makarantar wasan gargajiyar Sin a Hong Kong, ya yi shekara goma yana koyon alkafura da faɗuwa da tsalle, tare da Sammo Hung da Yuen Biao. A fim ɗinsa na 1983 ya faɗo daga hasumiyar agogo mai tsayin kimanin mita 18, rumfunan yadi ne kawai suka rage masa ƙarfin faɗuwar. Ana ɗaukar fim ɗinsa na 1986 a tsohuwar Yugoslabiya, reshen itace ya karye da shi, kansa ya bugi dutse, ƙoƙon kai ya fashe har sai da aka yi masa tiyata. Shi ne ya saba sa kurakurai da raunukan da aka ji a ƙarshen fim lokacin da sunaye ke wucewa, kuma yara ba sa bari a kashe bidiyo sai an ga wannan ɓangare, domin a nan suke tabbatar da cewa gwaninsu da kansa ya yi.

Na ɓangaren Amurka kuwa da ƙwanji suka ci kasuwa. Arnold Schwarzenegger, haifaffen Ostiriya a 1947, ya lashe gasar gina jiki ta Mr. Olympia sau bakwai. Ƙarancin maganarsa a finafinan farko, wanda yara suka ɗauka tsabar jarumta ce, yana da nasaba da nauyin harshensa a Turanci. Daga baya ya yi gwamnan Kalifoniya daga 2003 zuwa 2011. Karkacewar leɓen Sylvester Stallone da yadda maganarsa ke fita a daƙile sun samo asali ne daga raunin jijiyar fuska da ya samu lokacin haihuwa. Jean-Claude Van Damme, ɗan Beljiyam da aka haifa a 1960, shi ne ya fi sace zukatan 'yan mata, kuma ware ƙafafun nan da yake yi a kan kujeru biyu ba dabarar kyamara ba ce: ya koyi karate tun yana yaro, ya kuma yi shekaru yana koyon rawar bale, wadda ke saki jijiyoyin cinya da ƙugu. Abin da edita ya ƙara shi ne maimaita shuri guda sau biyu ko uku daga kusurwa daban-daban, har yaro ya rantse shuri uku aka yi.

Maza ma suna da tasu gwanayen, ko da ba sa furtawa a fili. Michelle Yeoh 'yar Malesiya da Cynthia Rothrock 'yar Amurka sun fito tare a wani fim ɗin 'yan sanda na Hong Kong a 1985, suna dukan ƙarti ba tare da jiran wani ya cece su ba. Yeoh ta karɓi kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa a 2023, kuma duk wanda ya san ta tun zamanin kaset ya ji daɗin wannan rana har cikin zuciya.

A Indiya, labarin da ya fi nuna girman wannan ƙauna shi ne na Amitabh Bachchan. A watan Yulin 1982, ana ɗaukar faɗa a fim ɗin Coolie a Bangalore, ya bugi gefen tebur da cikinsa, ya ji mummunan rauni na ciki, ya kwanta rai a hannun Allah, jama'a suka yi ta yi masa addu'a. Da fim ɗin ya fito a 1983, an tsayar da hoton daidai inda ya ji ciwon tare da rubutun da ke sanar da mai kallo, an kuma sauya ƙarshen labarin don jarumin ya rayu maimakon ya mutu.

Yanzu ga yadda ake haɗa faɗan, domin a nan ne ake gane inda fasaha take da inda ƙarancin kuɗi ya sa baki. Naushin fim yawanci ba ya taɓa fuska. Hannu yakan wuce da tazarar 'yan yatsu, a ajiye kyamara a bayan kafaɗar ɗaya daga cikinsu ta yadda idonta ba zai ga tazarar ba. Rabin aikin yana wuyan wanda aka nausa, shi zai fizge kansa a daidai lokacin. In ya riga naushin, mai kallo ya gane. In ya makara, a sake ɗauka. Finafinai masu araha ba su da kuɗin sake ɗauka sau goma, saboda a kan zaren fim ake ɗauka kuma kowane mita kuɗi ne, shi ya sa ake ganin mutum ya faɗi kafin ƙafa ta iso gare shi. A Hong Kong sukan barbaɗa hoda a takalmi ko riga, in shuri ya sauka ƙura ta tashi, ido ya yarda da ƙarfin dukan. Ƙarar kuwa duk daga baya ake ɗora ta a ɗakin sauti.

Saurin da muke mamaki shi ma yana da lissafi. Fim yana tafiya ne a hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ɗauki faɗa a hoto 22 sannan aka haska a 24, motsi zai ƙara sauri da kusan kashi tara cikin ɗari ba tare da ido ya tsargu ba. In aka zarce aka sauko 18, sai mutane su koma fizge-fizge, ga riga da gashi suna kaɗawa da saurin da bai dace ba, kuma wannan ne ke ba masu kallon yau dariya. Tsallen da jarumi ke yi daga ƙasa zuwa saman rufi kuwa dirowa ya yi da baya aka juya fim ɗin, ko an ɓoye abin tsalle mai roba a ƙasan hoton, ko an ɗaga shi da siririyar waya. Gilashin da ake fasawa da kai na dafaffen sukari ne, daga baya aka koma wani irin roba mai saurin farfashewa. Jinin harbi 'yar jaka ce a ƙarƙashin riga, da ɗan abin fashewa a kan farantin kariya, ana tayar da shi ta waya. Ƙwallon wutar nan ja da ke tashi idan an jefa gurneti fetur ne. Gurneti na gaske ƙura da tarkacen ƙarfe yake watsawa, ba ya ba da wutar da za ta cika allo.

Batun baki da murya: har zuwa shekarun 1990 akasarin finafinan Hong Kong ana ɗaukarsu ne babu sauti, daga baya a ɗora murya, har ta Kantonis ɗin kanta, wato harshen mutanen Hong Kong. Muryar Turancin da muka sani wasu 'yan tsirarun mutane ne ke ɗora ta cikin gaggawa, mutum ɗaya ya yi muryar tsoho da ta bos da ta ɗan aike. Jimlar da ta ɗauki gaɓa biyar a wancan harshe tana iya buƙatar goma a wannan, sai a cusa ko a ja. Ita kuma bindiga, gidan harsashin AK-47 na yau da kullum 30 yake ɗauka, tana kuma fitar da kimanin 600 a minti, wato in aka danne kunama daƙiƙa uku ya isa ta ƙare. Edita ne ke yanke wurin sauya gidan harsashi don kada zafin faɗa ya huce.

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka babu haɗari. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya rasu a watan Maris na 1993 yana da shekara 28 a wurin ɗaukar fim a Amurka. Kan wani harsashi ya maƙale a cikin bututun bindiga tun daga wani amfani da aka yi da ita a baya, ba a duba ba, aka sa harsashin wasa mai albarushi zalla, ƙarfin albarushin ya ingizo abin da ya maƙale kamar harbi na gaske. Leƙa bututun kafin ɗauka zai iya hana wannan.

Akwai kuma dalilin da ya sa kwalin kaset ya fi fim ɗin da ke ciki kyau. Kamfanin Cannon, wanda Menahem Golan da Yoram Globus suka saya a 1979, ya fitar da finafinan ninja da na Chuck Norris da dama a shekarun 1980. Sukan sayar wa masu rarrabawa na ƙasashe haƙƙin fim da fasta da sunan jarumi tun kafin a ɗauka, sannan su yi fim ɗin da kuɗin da suka tara. Fasta ce ke kawo kuɗi, don haka ita ake ƙawatawa.

Duk da haka, rabin abin da ake kira tsufan waɗannan finafinai ba laifin masu yin su ba ne, laifin kaset ne. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976. Zaren kaset ɗin faɗinsa rabin inci ne, kuma kaset mai lamba E-180 yana ɗaukar awa uku. Idan aka tura shi, na'urar takan zaro zaren ta naɗe shi a jikin wata gangar ƙarfe da ke zaune a karkace, mai ɗauke da ƙananan kawunan karatu biyu ko huɗu, tana juyawa sau 1,500 a minti a tsarin PAL, wato tsarin hoton talabijin na Najeriya da akasarin Turai. Hoton yana kwance a layuka masu gicciye a tsakiyar zaren, sauti yana gefen sama, gefen ƙasa kuma yana ɗauke da alamar da ke daidaita tafiyar. Shi ya sa idan gefen sama ya lanƙwashe murya ke shaƙewa, idan na ƙasa ne hoto ya yi ta tsalle. Maɓallin tirakin da kowane yaro ya ƙware a kansa aikinsa shi ne daidaita kawunan da waɗancan layuka, musamman in a wata na'urar aka naɗi kaset ɗin.

Fim ɗin silima mai faɗi, idan aka matse shi ya cika allon tsohuwar talabijin, fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton ake yankewa daga gefuna. A fim ɗin faɗa wannan babbar asara ce, don sau da yawa abokin faɗan yana wajen allo, ƙafarsa kawai ke shigowa. Tsarin PAL kuma hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa maimakon 24, saboda haka fim mai minti 100 yakan dawo 96, muryoyi su ɗan ƙara siranta. Kaset na tsarin NTSC, wato na Amurka da Japan, in ya shiga na'urar da ba ta san shi ba sai ya fito baƙi da fari ko ya yi ta birgima. Ga kuma kwafi daga kwafi: kowane naɗi yana rage kaifin hoto, launi ya malale daga inda yake, ja ya fi kowanne lalacewa. Wanda ya naɗa a salon LP, mai rage gudun zaren, don ya cusa awa shida a kaset ɗin awa uku ya ƙara taɓarɓara lamarin.

Abin da ya fi taɓa zuciya a cikin wannan duka shi ne, kaset yana riƙe da shaidar son da aka yi masa. Duk lokacin da aka tsayar da hoto, gangar tana ci gaba da gogar wuri ɗaya na zaren, shi ya sa na'urori ke sakin kansu bayan kimanin minti biyar. Maimaita wuri ɗaya, a koma baya a sake, yana cinye maganaɗisun da ke wurin. Don haka idan ka sami tsohon kaset na gidan da yara suka tashi, inda hoton ya fi yin yayyafi da farin layi shi ne inda jarumi ya cire riga kafin faɗan ƙarshe, ko inda ya yi shurin nan na juyi, ko inda ya waiwayo ya yi murmushi. Wurin da aka fi so shi ya fi mutuwa.

Ga wanda har yanzu yake da irin waɗannan kaset kuma yana son ceto su, lokaci yana ƙurewa, domin kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Kafin a tura kowane kaset, a leƙa ta tagarsa. In an ga fararen ɗigo-ɗigo a jikin naɗin, fumfuna ce, kada a kunna, za ta toshe kawunan ta kuma bi sauran kaset ɗin da za a sa bayansa. A fara gwada na'urar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. In ta tauna zare, galibi bel ne ya saki, ko 'yar tayar robar da ke juya ƙafar naɗewa ta sulɓe, ko robar da ke matse zaren ta bushe. Sai a sauya su. Kada a fizgi kaset ɗin da ya maƙale: a cire wuta, a buɗe murfin na'urar, a zare zaren daga sandunan a hankali, a danna ɗan maɓallin da ke gefen kaset don bakinsa ya buɗe, a tura tsinke a ramin da ke ƙasansa don birki ya saki, sannan a naɗe da yatsa. Inda ya tsinke, a yanke ɓangaren da ya cukurkuɗe, a haɗa baki da baki, a manna ta bayan zaren, wato fuskar da ke kallon cikin kaset. Salatef na yau da kullum gam ɗinsa yana tsattsafowa ya ɓata kawunan, don haka a nemi na haɗa zare.

Idan sauti yana fita amma hoto ya zama yayyafi gaba ɗaya, kawunan ne suka yi datti. A jiƙa guntun farar takarda da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 ko fiye, a dafa ta a jikin gangar a hankali, a juya gangar da ɗayan hannun. Kada a goga sama da ƙasa, domin kawunan suna da gautsi, nan take suke karyewa. Kada a yi amfani da auduga, zarenta yana sarƙewa a jikinsu. A bari ya bushe kamar minti goma, in ba haka ba zaren zai manne wa gangar. Haka ma na'urar da aka ɗauko daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, a bar ta ta huce raɓar da ta yi kafin a sa mata kaset. Mayar da shi cikin kwamfuta yana buƙatar wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, da 'yar na'urar ɗauka mai shiga USB, a saita girman hoton a 720 da 576 in PAL ne. Babu hanyar gaggawa, kaset ɗin awa uku awa uku zai ci. Bayan nan a mayar da shi farko, a ajiye shi a tsaye a wuri busasshe mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta.

Shahararrun finafinan kuwa an gyara da yawansu daga ainihin faifan da aka ɗauke su, kuma ina ba duk wanda ya so su yana yaro shawarar ya nemi waɗannan. Gaskiya ne tsabtar hoton tana tona asiri, za ka ga wayar da kaset ya ɓoye, ka ga fuskar wanda ya yi wa jarumi tsalle sanye da gashin kanti. Amma a karon farko za ka ga faɗin hoton duka, mutum biyu daga kai har ƙafa a allo ɗaya. A faɗan Hong Kong na shekarun 1970 da 1980, ka ƙirga motsi nawa ake yi kafin kyamara ta yanke; sau da yawa za ka wuce goma, kowanne da tarewarsa da martaninsa, kuma in ɗaya ya kuskure tun daga farko ake sakewa. In kwafin da aka samu yana da zaɓin murya, a kalla sau ɗaya da harshen asali da fassara a rubuce don a ji labarin yadda aka tsara shi, sannan a sake da tsohuwar muryar Turancin, wadda ita ce kunnenmu ya sani.